Sunan Lander: Mai Ƙasa Ne Ko Mai Wanki?

Ɗan Yawuri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata kan sunan Lander ce, wato Richard Lander, yaron gidan Bature mai binciken ƙasa Clapperton, wanda ya yi jinyar maigidansa a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya binne shi a watan Afrilun 1827. Shi ne ya dawo a 1830 da ƙaninsa John, suka haura Yawuri neman takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su bin Kwara ya mutu a Busa, sannan suka gangara Kwara daga Busa har teku. Ana ta yaɗa cewa ma'anar sunan "mai ƙasa" ce, wasu kuma su ce "mai sauka gaɓa daga jirgi", wai daga kalmar land. Sunan ba shi da yawa ko a Ingila. Masana, ina gaskiyar maganar?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ɗan Yawuri, babu ruwan sunan da land, kama ce kawai ta sauti. Lander na Ingila sunan sana'a ne, kuma sana'ar wanki ce. Tushen yana cikin Latin, lavare, wato wankewa. Daga nan tsohon Faransanci ya sami lavandier, namiji mai wanki, da lavandiere, mace. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje, kalmar ta shiga bakin Ingilishi a matsayin lavender. A takardun ƙarni na 13 za ka ga an rubuta sunan mutum, sai a bi shi da le lavender ko la lavendere, kamar yadda mu za mu ce Audu mai wanki ko Ladi mai wanki.

Sauyi biyu ne suka kawo mu ga Lander. Na farko, sautin v da ke tsakanin wasula ya narke, lavender ta koma launder. Ba wannan kalma kaɗai abin ya sama ba: lord daga hlaford take, head daga heafod, hawk daga hafoc, duk an haɗiye baƙin tsakiya. Na biyu, au da a suna musanya a gaban n, shi ya sa ake da Saunders da Sanders, Chaundler da Chandler, Staunton da Stanton. To haka Launder da Lander. Ke nan Lavender, Launder da Lander suna ɗaya ne da aka kama a matakai uku na lalacewar furuci. Kalmar laundry ta yau 'yar ɗakinsu ce.

Ɗan Yawuri: Na gode Hajiya. To Lavender ɗin ba furen nan mai ƙamshi ba ne da ake sa wa a sabulu da turare?

Hajiya Rabi: Rubutunsu ya haɗu, amma sunan mutum daga sana'ar ya fito. Shaidar ita ce le da la ɗin nan da ke gabansa a tsofaffin takardu, waɗanda ke nuna sana'a ko siffa, kamar le baker, mai gasa burodi. Tun da ana cusa furen cikin wankakkun kaya don ƙamshi, mutane suka ɗaure kalmomin biyu wuri guda a ransu.

Malam Sule: Bari in ɗora kan maganar Hajiya, don kada a ɗauka wanki da guga ne irin na bakin titi. A manyan gidajen sarauta da gidajen rahibai, mai wanki ma'aikaci ne mai albashi da sunansa ke shiga littafin kashe kuɗi, shi ya sa sunan ya tsira a rubuce. Kayan da ake ba shi galibi na lilin ne: zannuwan gado, mayafan tebur, rigunan ciki, da kyallayen coci. Manyan rigunan ulu ba a cika jiƙa su ba, kaɗe su ake yi a goge da buroshi.

Yadda ake yi: a jera kayan cikin babban baho na katako mai rami a ƙasa, mafi datti a ƙasa. A shimfiɗa kyalle mai kauri a sama, a zuba tokar itace a kai, a kwarara ruwan zafi. Ruwan tokar ya ratsa kayan ya fita ta ramin, a tare shi, a sake ɗumamawa, a sake zubawa, haka sau da yawa. Duk wanda ya san ruwan toka a gidajenmu ya san abin da yake yi wa maiƙo. Daga nan a kai rafi a buga da katako, a ɗauraye, a shanya kan ciyawa rana ta ƙara masa fari. Inda ake samun matsala: in tokar ta yi ƙarfi tana cin zare tana fasa hannu, in kyallen saman ya yage toka ta zube cikin kaya ta bar dabbare, in kuma aka yi kuskuren sa ulu a ciki sai ya ƙanƙance ya dunƙule.

A garuruwan saƙa kuma, a wancan zamani ana kiran mai wanke ɗanyen gashin tumaki da wannan suna. Amma a bambanta shi da mai tattake sabon yadin ulu cikin ruwa da wata irin laka don ya yi kauri. Wannan sana'a daban ce mai sunaye uku bisa yanki: Fuller a kudu maso gabas, Walker a arewa, Tucker a kudu maso yamma.

Baba Audu: Duk na ji, kuma ban musa ba game da sauran Ingila. Amma ku tuna inda mutumin ya fito. An haife shi a Truro ne, cikin Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila, ranar 8 ga Fabrairun 1804. Cornwall tana da harshenta, ɗan uwan na Wales da na Brittany, wanda bai bar bakin mutane ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18. Sunayen iyalai a can da yawa daga sunan wuri suke, masu farawa da Tre, Pol, Pen. Akwai kuma lann, wato kewayayyen filin coci, kamar a Lanhydrock da Lanivet. Me zai hana Lander na Cornwall ya zama na wannan layi? Bai kamata a ɗauko amsar Landan a ɗora wa Truro ba.

Hajiya Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar tana kan hanya, amma abu biyu ne ke gabanta. Na ɗaya, nauyin furuci. A irin waɗannan sunaye na Cornwall, nauyin yana sauka ne kan kashi na biyu: lan-HY-drock, lan-IV-et. Lander kuwa gaɓar farko ake dannawa. Na biyu, sunan da ya fito daga wuri yana barin sawu. Dole a nuna wurin a taswira ko a tsohuwar takardar gona, kuma a sami mutanen farko an rubuta su da de a gaba, wato "na wuri kaza". Wanda ya ce daga lann ne, shi ke da nauyin kawo ƙauyen da kuma de ɗin. Ɓangaren wanki ya riga ya kawo le da la.

Baba Audu: Na karɓi ta nauyin furuci. Ga wata kuma. A ma'adinan kuza na Cornwall, launder sunan dogon kwararon katako ne da ke ɗaukar ruwa zuwa inda ake wanke dakakken dutse a ware kuza daga yashi. Har indararon rufin ɗaki launder suke ce masa a can. Truro kuwa tana cikin garuruwan da a da doka ta ce a kai kuza a gwada ingancinta a biya haraji kafin a sayar. To mai wankin nan, tufafi yake wankewa ko kuza?

Malam Sule: Wannan ta fi ta farko ƙarfi, Baba. Kalmar kwararon daga tushe ɗaya take da ta mai wanki, don haka ko ta nan aka bi, ma'anar ba ta bar wanki ba. Abin da ya rage shi ne lokaci. A yawancin kudancin Ingila, sunayen iyali sun zama abin gado tsakanin 1250 da 1400, lokacin da lavender ke nufin mai wankin tufafi ko ulu. A yammacin Cornwall, inda harshen gida ya daɗe, abin ya yi jinkiri har cikin ƙarni na 16, mutum na iya amsa sunan ubansa yau, gobe a kira shi da sunan gonarsa. Wannan jinkiri ne ya bar wa maganarka ƙofa. Ni dai ina ganin mai wankin tufafi ya fi rinjaye, domin a kalmar ma'adinai launder abu ne, ba mutum ba, kuma sunan sana'a daga mai yi yake fitowa.

Baba Audu: Akwai sunayen da suka fito daga kayan aiki ai.

Malam Sule: Akwai, amma kowannensu da takardarsa. Nan ma takarda ce za ta raba gardama.

Dakta Ladidi: Tun da an zo kan takarda, ga yadda ake binta. Ƙa'idar farko: daga baya-bayan nan ake farawa a koma da baya, ba a tsallake tsara ko ɗaya.

A fara da ƙidayar jama'a. Ingila tana yin ta duk shekara goma, kuma daga 1841 ne aka fara rubuta sunan kowa. Ana rufe takardun shekara ɗari, shi ya sa ta 1921 ba ta fito ba sai Janairun 2022. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi, don haka rajistar 1939 ce ke cike gurbin. Ta 1841 tana da tarko: duk wanda ya haura shekara 15 an rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, mai 29 a rubuta 25, kuma ba ta faɗin garin haihuwa, sai dai ko a cikin gundumar aka haife shi ko a'a. Ta 1851 ce ta fara ba da garin haihuwa, ita ce gadar da ke kai ka cocin da ya dace.

Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ta fara ranar 1 ga Yulin 1837. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda aka ba da umarnin ajiyewa a 1538. Na farkon da yawa sun ɓace don a takarda aka rubuta su, sai a 1598 aka ce a kwafe su kan fata, a kuma riƙa aika wa bishop kwafi duk shekara. In littafin coci ya lalace, a nemi kwafin bishop. A kula da kwanan wata: kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Yaron da aka rubuta an yi masa baftisma a Fabrairun 1720, a lissafinmu 1721 ne. Mutane da yawa sun raba mutum ɗaya gida biyu saboda wannan, ko sun ɗauka an haifi yaro kafin auren iyayensa.

Gaba da nan akwai jerin sunayen masu rantsuwar biyayya ga addinin ƙasa ta 1641 zuwa 1642, inda aka rubuta mazan da suka kai 18 coci-coci, kuma na Cornwall sun tsira da kyau. Sai harajin murhu na 1662 zuwa 1689. Can ƙasa kuma harajin kai na 1377, kwabo huɗu kan duk wanda ya haura 14, da na 1379 da 1381, da harajin dukiya na 1327. Na gwamnati suna babbar ma'ajiyar takardu ta Kew, na gida kuma suna Kresen Kernow da ke Redruth. Don gardamar Baba Audu, jerin 1641 da na 1327 su ne abin dubawa: in masu sunan sun taru a cocinan da ake haƙar kuza kuma babu su a 1327, maganarsa ta sami ƙafa. In kuwa akwai le lavender a yankin tun 1327, ta Malam Sule ce.

Ɗan Yawuri: Dakta, to batun yawansu fa? Ta yaya ake sanin suna ya yi ƙaranci, kuma ina ne cibiyarsa?

Dakta Ladidi: Ma'aunin da aka fi amfani da shi ƙidayar 1881 ce, don an kwafe ta gaba ɗaya, kuma a lokacin akasarin iyalai ba su yi nisa da gundumomin kakanninsu ba. Ingila da Wales suna da mutum kusan miliyan 26 a shekarar. Smith kaɗai ya haura mutum ɗaya cikin ɗari. Lander ba ya ko kusa da wannan sahu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga kawuna kawai. Landan da Lancashire za su fito a sama a kusan kowane suna, don can jama'a suka taru neman aiki. Abin yi shi ne a raba adadin masu sunan da yawan mutanen gundumar, a ninka da 100,000. Cornwall tana da mutum wajen 330,000 a 1881, Lancashire tana da kusan miliyan uku da rabi. Ko da adadin masu suna ya zo daidai a wuraren biyu, kaurinsa a Cornwall ya ninka sau goma. Da wannan lissafi ake ganin Lander ya fi kauri a kudu maso yamma, wato Cornwall da Dorset, inda aka san sunan cikin iyalan masu fasa dutse na Purbeck. Akwai wani reshe a tsakiyar ƙasar, wajen Staffordshire, inda ake samun rubutun Landor.

Ita kanta 1881 tana rage wa Cornwall kaso. Farashin tagulla ya faɗi a 1866, ma'adinai suka rufe, dubban mutane suka tafi Kudancin Ostareliya, Michigan da Afirka ta Kudu. Wanda ke son hoton da bai gurɓata ba ya haɗa da 1851.

Hajiya Rabi: In ƙara da matsalar karatu, don ita ce ke ɓata lissafin tun daga tushe. A rubutun hannu na da, n da u kusan abu ɗaya ne, sanda biyu a tsaye. Saboda haka Lander da Lauder suna cuɗewa, alhali Lauder sunan gari ne a kudancin Scotland, babu abin da ya haɗa su. Babban L na rubutun ƙarni na 19 kuma yana kama da S, sai mai kwafi ya mayar da Lander ya zama Sander. Haka u da v harafi ɗaya ne a tsofaffin takardu, lauender da lavender duk ɗaya. Kada a amince da sunan da aka buga a shafin bincike, a buɗe hoton asalin shafin. A nemi wata kalma a shafin da ba a shakkar ta, kamar London ko Sarah, a ga yadda wannan magatakarda ke yin L da S ɗinsa. Wajen bincike kuma a gwada Lander, Landers, Launder, Lavender, Landor, Lauder da Sander, duka bakwai.

Sannan akawun coci abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Iyali guda na iya fitowa Launder a aure, Lander a baftisma, Landers a jana'iza. Rubutu bai tsaya ba sai da karatu ya yaɗu a ƙarni na 19.

Malam Sule: Tun da Hajiya ta ambaci Landers, a yi hattara da shi. A Ingila yana iya zama Lander da aka ƙara wa s. A kudancin Ireland kuwa Landers daga de Londres yake, wato "na Landan", iyalin Normandawa ne da suka zauna can. Akwai kuma Lander na Jamusawa da na Yahudawan Turai, mai tushe daban, wanda a nan ne land ke iya shigowa. A ƙasar Basque ma Lander sunan yanka ne na maza. Duk waɗannan sun haɗu a Amurka, shi ya sa alƙaluman can ba sa gaya maka komai game da mai wankin Ingila. Garin Lander na jihar Wyoming da gundumar Lander ta Nevada sunan Janar Frederick Lander suka ci, mutumin Salem ta Massachusetts da ya rasu a 1862, ba na Kwara ba.

Ɗan Yawuri: Abu ɗaya ya tsaya mini. In da yawa daga masu wankin mata ne, kamar yadda la lavendere ta nuna, ta yaya sunan ya zama na gado, tun da ta wajen uba ake gadonsa?

Hajiya Rabi: Hanya uku. Akwai maza a sana'ar, musamman a gidajen rahibai da wajen wankin ulu. Akwai gwauruwar da mijinta ya mutu ta riƙe gida da sana'arta, aka san 'ya'yan da ita. Akwai kuma ɗan da aka haifa ba aure, wanda bisa al'adar Ingila sunan uwa yake ɗauka. Wannan na iya zama ɗaya daga dalilan ƙarancin sunan: wanki yana ko'ina, amma yawancin masu yinsa ba su ne ke bar wa zuri'a suna ba, saɓanin maƙera.

Dakta Ladidi: Wannan ya shafi gwajin jini ma. Ƙwayar halitta ta Y daga uba zuwa ɗa take bi, hanya ɗaya da suna. Ana gwada maza masu sunan, aƙalla biyu daga kowane reshe, waɗanda takarda ta nuna kakansu ɗaya amma sun yi nisa da juna, kan alamomi 37 ko 111. In biyun sun dace, an san alamar reshen, sai a gwama ta da ta wani reshe. Gwada mutum ɗaya tak kuskure ne, domin riƙo, ko ɗaukar sunan mijin uwa, ko haihuwar waje a tsara ɗaya kawai ya isa ya karkatar da layin. Kuma a sunan sana'a, abin da ake sa rai shi ne a ga tushe da yawa. Mai wankin Dorset da na Truro ba sai sun haɗa kaka ba, kamar yadda Wanzamin Kano da na Zinder sana'a ce ta haɗa su.

Baba Audu: To gwajin ba zai raba ni da Malam Sule ba ke nan.

Dakta Ladidi: Zai taimaka ta gefe guda, Baba. In na Cornwall sun dace da na Dorset, sunan shigowa ya yi daga gabas a shirye, maganar kwararon kuza ta faɗi. In ba su dace ba, an koma kan jerin 1327 da 1641.

Ɗan Yawuri: Ta ƙarshe. Cikakken sunansa Richard Lemon Lander. Lemon ɗin lemo ne?

Hajiya Rabi: A'a. Shi ma sunan iyali ne, na wani babban gida a Truro da ya yi arziki da ma'adinai, har akwai titin Lemon a garin. A saman titin ne aka kafa dogon ginshiƙin tunawa da Lander bayan rasuwarsa a tsibirin Fernando Po, wato Bioko na yau, a Fabrairun 1834, sakamakon harbin da aka yi masa a kan kogin Kwara. Asalin kalmar tsohon Ingilishi ne, Leofmann, daga leof, abin ƙauna, da mann, mutum, wato masoyi. Baƙin tsakiyar ya narke kamar yadda ya narke a lavender, aka sami Lemman, sannan Lemon.